Ɗana, Kafin Ka Sayi Baƙin Gilashin Nan

Ɗana, labari ya iske ni cewa ka ciro tsohuwar kyamarar fim daga ƙasan akwati ka kaɗe mata ƙura, kuma ranka ya biya ga irin hoton nan na infared, wanda ganyen itace ke fitowa fari fat, sama ta yi baƙi ƙirin, alhali da rana tsaka aka ɗauka. Na ji daɗi ƙwarai, domin a zamanin da kowane yaro ke ɗaukar hoto ɗari da waya kafin ya karya kumallo, samun wanda zai yarda ya jira a wanke fim kafin ya ga abin da ya yi ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai an ce mini tambayar da kake ta bin mutane da ita ita ce wace filta ta fi kyau, kuma a nan ne nake so ka ɗan zauna mu yi magana, domin akwai tambayar da ta girme ta, wato wane fim ne a cikin kyamarar. Wanda bai amsa wannan ba, ko filtar zinariya ya saya, kuɗinsa ya zubar.

Ka yi haƙuri da tsoho in fara daga tushe. A 1800 wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, ya raba hasken rana zuwa launukansa da gilashi mai kusurwa, yana auna ɗumin kowane launi, sai ya tarar ma'aunin ya fi hawa a gefen ja, a wurin da ido ba ya ganin komai, saboda haka aka gane akwai haske bayan inda ganinmu ya tsaya, wato infared. Masana suna auna haske da nanomita, kuma idon ɗan'adam yana aiki ne daga wajen 400 zuwa wajen 700. Fim ɗin da kake nema yana ganin duk abin da ido ke gani, sa'annan ya ɗan leƙa gaba kaɗan. To, in ka bar shi haka ba filta, hasken da muka saba da shi zai rinjayi wancan ɗan ƙarin, ka sami hoto baƙi da fari irin na kowa. Aikin filta aikin rariya ne: ba ta ƙara wa gari komai, tsaki kawai take tarewa, saboda haka in hatsin da ka zuba babu gari a cikinsa, komai kyan rariyar ba abin da zai sauka a ƙwarya. Ka riƙe wannan, domin duk sauran maganar a kansa ta rataya.

Farin ganyen nan da ya ɗauki hankalinka kuwa, dalilinsa shi ne ɗanyen ganye yana shanye ja da shuɗi don ya yi abincinsa, amma infared ba ya yi masa amfani, saboda haka tsokar cikin ganyen sai ta mayar da shi waje da ƙarfi. Sama kuma tana shuɗi ne domin iska tana watsa gajeren haske, dogon kuwa ba ta cika watsa shi ba, shi ya sa in aka tare shuɗin sai ta koma duhu. Wani malamin kimiyya a Amurka, Robert Wood, shi ya fara buga irin waɗannan hotuna a 1910, kuma har yau da sunansa ake kiran wannan farin ganye. Kada kuma wani ya ruɗe ka cewa fim ɗin yana ganin zafin jikin mutum a cikin duhu. Wannan wata na'ura ce daban, naka rana yake so, kuma mai yawa.

Yanzu ga abin da ke sa yara asara. Littattafan da aka rubuta a kan wannan sana'a galibi an rubuta su ne lokacin da kamfanin Kodak ke yin fim ɗin da ake kira HIE, wanda ganinsa ke kaiwa wajen 900, ga shi da wani annuri a gefen duk abin da ya yi fari, domin ba a yi masa shafen bayan nan da ke hana haske dawowa ba. An daina yin sa a 2007. Akwai Efke IR820 na ƙasar Kuroshiya, shi ma masana'antarsa ta rufe a 2012. Abin da ya rage a hannun masu sayarwa shi ne irin su Ilford SFX 200, wanda ganinsa ke ƙarewa wajen 740, da Rollei Infrared 400, wanda ya ɗan fi shi nisa amma ƙarfinsa na raguwa da sauri in an wuce 750. Ka ga ke nan taga ce ƴar ƙarama tsakanin inda ido ya tsaya da inda fim ɗin ya tsaya, kuma dole filtarka ta buɗe a cikin wannan taga, domin in ta buɗe bayanta, fim ɗin ya riga ya makance.

Lambobin da za ka ji ana kira, 25 da 29 da 87 da sauransu, sun samo asali daga wani Bature ɗan Ingila, Frederick Wratten, wanda Kodak ta saye kamfaninsa a 1912 ta ci gaba da amfani da lissafinsa. Lamba 25 ja ce sosai, tana barin haske daga wajen 600 zuwa sama, kuma kana iya gani ta cikinta, ka saita hotonka, ka riƙe kyamara a hannu. Tana cin mataki 3 na haske, wato fim mai ƙarfin 400 sai ka lissafa shi a 50. Da ita sama za ta yi duhu, gajimare ya fito sarai, amma ganye toka-toka zai yi, ba fari ba, domin jan da ido ke gani yana nan yana shiga. Lamba 29 ta fi ta duhu kaɗan, ta kuma fi ta matsawa. A zamanin HIE lamba 25 kaɗai ta isa, shi ya sa za ka ji dattawa suna yabonta, kuma ba ƙarya suka yi ba, fim ɗinsu ne ya tafi.

In farin ganyen gaske kake so da fim ɗin yau, to wadda ake kira R72 ta kamfanin Hoya ita ce abokiyar tafiyarka, ko ƴan'uwanta, 89B a lissafin Wratten, da 092 ta kamfanin B+W wadda ta ɗan fi sassauci. Lambar 72 ɗin nan tana nufin 720, wato daidai bakin tagar da na gaya maka. In ka ɗaga ta za ka ga baƙa ce, sai in ka kalli wuri mai tsananin haske ka hangi wani ja mai duhu can ciki. Ni dai a ganina, wanda kuɗinsa na filta ɗaya ne, wannan zai saya, wanda Allah ya hore wa na biyu ya ƙara da lamba 25, domin ita jar tana yi maka aiki har da fim na yau da kullum, ba za ta zauna a aljihun jaka tana jiran ranar biki ba.

Amma ka ga 87C, da 093, da waɗannan masu araha da ake rubuta wa 850 ko 950, don Allah ka bar su inda ka gan su. Na san halin ƙuruciya, ni ma na yi ta, ido yana tafiya ne wajen babbar lamba, zuciya ta ce wadda ta fi baƙi ita ta fi ƙarfi. Waɗannan ba sa fara buɗewa sai an kai 800 ko an wuce, an yi su ne domin HIE da kuma kyamarar zamani da aka cire wa gilashin cikinta mai tare infared. In ka ɗaura ɗayansu a kan SFX, za ka yini a rana, ka biya kuɗin wanki, a miƙo maka fim wayam ba ko inuwa a jikinsa, ka koma kana zargin mai wanki bawan Allah da bai ci ba bai sha ba. Ko lamba 87, wadda ta fi su sauƙi, a bakin iyaka take, ba ta mai koyo ba ce.

Kafin ka aika kuɗi, ka duba bakin gilashin kyamararka ko cikin murfinsa, za ka ga an rubuta faɗinsa: yawancin na Pentax 49 ne, na Nikon 52, wasu 55 ko 58. In kana da gilashi fiye da ɗaya, ka sayi filta daidai da mafi faɗi, ka haɗa da ƴan zobban da ke ɗaura babbar filta a kan ƙaramin baki, domin zobe ya fi filta araha nesa ba kusa ba. Ka zaɓi ta gilashi mai zoben ƙarfe, ka bar ta leda mai laushi, saboda damshin damina yana lanƙwasa ta, ƙurar hunturu kuma tana karce ta. Ita ma ta gilashin, in ƙura ta hau, ka hure tukuna kafin ka goge, kuma ba da bakin riga ba. In kuwa aljihu ya yi nauyin tashi, akwai dabarar mutanen da: fim ɗin silaid mai launi da aka wanke ba tare da haske ya taɓa shi ba yana fitowa baƙi, amma infared na ratsa shi, saboda haka in ka ruɓanya biyu ka rufe bakin gilashi da shi za ka ɗanɗana abin. Kaifin hoton zai ragu, amma ka koyi darasi kafin saƙonka ya iso.

Kowace filta da kuɗin da take karɓa, kuma R72 da tsada take. Fim mai ƙarfin 400 zai koma tsakanin 6 da 25, gwargwadon ranar da ka samu, saboda haka sai ka nemi abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, ka buɗe ido a f/11, ka ba shata wajen 1/15 na daƙiƙa in rana ta take, sa'annan ka sake ɗauka da ƙarin mataki ɗaya, ka kuma sake da ragin ɗaya. Ma'aunin hasken kyamara ba don wannan haske aka yi shi ba, kada ka gaskata abin da ya faɗa ta cikin baƙar filta. Ka auna babu ita, ka yi lissafi da kanka, ka rubuta a ɗan littafi lambar hoto da lokaci da yanayin sama, domin ranar da fim ya dawo daga wanki wannan littafin ne malaminka. Haka kuma infared ba ya haɗuwa daidai inda sauran haske ke haɗuwa a bayan gilashi, shi ya sa tsofaffin gilasai ke da ɗan jan ɗigo ko jan layi kusa da alamar saiti. Ka saita babu filta, ka juya nisan da ka samu zuwa wajen jan ɗigon, sa'annan ka ɗaura filtar a hankali kada hannunka ya goce saitin. Da fim ɗin yau ko rabin hanya ka juya ya isa, ƙaramin buɗin ido zai rufe sauran. In kana da kyamara mai ido biyu, irin Yashica ɗin da masu hoto suka yi yayi, ka huta, domin kana kallo ta idon sama, filta tana na ƙasa, sai dai bakinta na maƙalawa ne, ba na murɗawa ba, ka nemi zoben da ya dace. Abu ɗaya kuma da ba wasa a cikinsa: kada ka kalli rana ta cikin baƙar filta. Idonka zai ga duhu ya saki jiki ya buɗe, hasken da ba ka gani kuwa yana shiga yana ƙona shi.

To, duk wannan lissafi ne, kuma lissafi kowa na iya karantawa. Abin da littafin Turawa ba zai gaya maka ba shi ne garinka. Yara da yawa suna ɗauka hunturu ne lokacin wannan hoto, domin sun ji an ce infared na ratsa hazo. Yana ratsa siririn hazo mai shuɗi-shuɗi da ke lulluɓe nesa, gaskiya ne, kuma in ka tsaya ka hangi Kufena a irin wannan rana za ka ga dutsen ya matso a hoto fiye da yadda ido ya gan shi. Amma ƙurar Disamba da Janairu ƙwayoyinta manya ne, tana watsa kowane irin haske, saboda haka samanka ba za ta yi baƙi ba, fari-fari za ta yi, ga kuka ta zubar da ganye, rimi ma haka, ciyawa ta bushe, babu abin da zai yi maka farin da ka sayi filta dominsa. Lokacinka shi ne daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka, musamman Satumba da Oktoba, washegarin ruwa, sama ta wanku, gajimare ya taru fari a gabas. A lokacin ne rimayen da unguwanni irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko suka ci sunansu ke cike da ganye, darbejiya da mangwaro sun yi lif, gonakin da ke cikin ganuwa sun rufe ƙasa. In kuma rani ya kama ka da fim a kyamara, ka nemi gawo, domin shi Allah ya yi shi saɓanin sauran itatuwa, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, sai kuma lambunan bakin kogin Kubanni. Ka ba rana baya ko ka sa ta a kafaɗarka, kuma ka fita daga hantsi zuwa azahar, lokacin da mai hoton biki ke neman inuwa. Kududdufan cikin birni ma kada ka raina su, domin ruwa yana shanye infared ya fito baƙi, kainuwar da ke kansa ta fito fara, kuma wannan haɗin ya fi ƙarfin a wuce shi. Ganyen da ciwo ya kama ko ƙishi ya dama ba ya haske kamar lafiyayye. Tambayi malaman aikin gona na Samaru su gaya maka yadda ake gane lafiyar amfanin gona daga sama da wannan hasken.

Ginin ƙasa kuwa sai ka yi tunani. Jar ƙasarmu tana haske a bayan jar filta, tana kuma haske a bayan R72, saboda haka in ka je abin da ya saura na ganuwa wajen Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana, za ka iya tarar da bango da ciyawar da ke kansa sun kusa zama launi ɗaya, tsohon gini ya rasa nauyinsa. A irin wannan wuri ni na fi son filtar ruwan ɗorawa da fim na yau da kullum, domin bangon ya riƙe duhunsa. Zanen da magina ke yi a fuskar zaure kuma ba filta ke fito da shi ba, rana ce in ta karkata ta bugo shi daga gefe, kowane tudu ya jefa inuwarsa. Ka tuna Masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda masana gini daga ƙasashe suka yi ta zuwa kallon bakunansa. Wani sashensa ya rufta a Agustan 2023, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a ciki. Tun daga ranar, duk wanda ke da hoton cikinsa na gaskiya, wanda ya nuna ginin yadda yake, ya san abin da ke hannunsa. Saboda haka in ka tsaya gaban tsohon soro ko zaure, ka fara ɗaukarsa yadda jikokinka za su gane shi, daga baya ka ɗaura baƙar filta ka yi wasanka.

Za ka kuma ci karo da hotuna masu launi inda daji ya koma ja ko ruwan hoda. Wannan Aerochrome ne na Kodak, wanda asalinsa na soja ne tun shekarun 1940, domin a bambance ɗanyen ganye da koren fenti daga jirgin sama, kuma shi filtar ruwan ɗorawa mai lamba 12 yake so, wadda ke tare shuɗi kawai. An daina yin sa a 2009, wani mai hoto ɗan Ailan, Richard Mosse, ya yi aiki da ragowarsa a gabashin Kwango har ya yi suna. Abin da ya saura ya tsufa, ga tsada, kada ka sa ranka.

Fim ɗin da za ka samu sai an yi saƙonsa daga waje, saboda haka ka roƙi mai kawo maka ya nemi a duba shi da hannu a filin jirgi in an yarda, in ya iso kuma ka sa shi a roba mai murfi cikin firiji, in wuta ba ta zama ka ajiye robar a gindin randa, domin zafin Maris da Afrilu yana cin wannan fim fiye da sauran. Ka fitar da shi ya huce kafin ka buɗe, ka ɗura shi a cikin ɗaki mai duhu-duhu, ba a tsakar gida ba, kuma da ka gama ka kai wanki, kada ya yi wata a aljihu.

Saura maganar mutane, kuma ita ce ta fi damuna. Wannan haske yana shiga fata kaɗan kafin ya dawo, saboda haka baƙin mutum yana fitowa fari-fari, ƙwayar ido ta yi duhu, fuskar da ka sani ta zama ta wani. Rini ma ba ya riƙe alkawarinsa, domin baƙar riga tana iya fitowa fara, aikin zare a wuyan babbar riga ya ɓace cikin yadin. Dattijon da ya zauna maka a ƙofar gidansa ya gyara rawani, ya ba ka amanar kamanninsa ne, kuma in ka kawo masa hoton da ƴaƴansa za su ce wannan ba Baba ba ne, ba zai ce filta ce ba, zai ce ɗan gidan wane ya yi masa izgili, abin kuma ya biyo mu har gida. Ka gaya wa mutum tun farko irin hoton da zai fito, in da hali ka nuna masa samfuri, in ya ƙi ka yi godiya ka wuce. Wasu yadudduka marasa kauri kuma ba sa tare wannan haske yadda suke tare ido, har a 1998 sai da kamfanin Sony ya gyara wata kyamarar bidiyonsa saboda ƙorafin da aka yi a kan haka. Fim ɗinka bai kai can ba, amma mutanen gari ba za su tsaya bambancewa ba, saboda haka ba na so a taɓa ganin ka auna ƴaƴan mutane mata da baƙar filta a bakin kyamara, ko a hanyar makaranta ko a bakin kasuwa.

Ranar hawan Salla kuwa, in Allah ya kai mu, ka bar R72 a gida. Doki ba ya tsayawa jiran 1/15, ƙurar ƙofar fada za ta cika maka sama, kuma jan rigar dogarai da koren da ke jikinta za su iya narkewa su zama abu ɗaya. Ka ɗura fim mai launi, ko baƙi da fari mai ƙarfin 400 da ƴar filtar ruwan ɗorawa, ka je da wuri ka gaida masu tsaron wurin, ka nemi inda rana za ta kasance a bayanka lokacin da mahaya suka taso jafi.